Jiƙaƙƙen Tsumma da Kwalabe Shida

Abubuwa da yawa sun shige mini da shekaru, amma wani mako guda na bazara a ɗakin gwaje-gwaje ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina aikin shara da wanke kwalabe a sashen kimiyya na wata makaranta a Birnin Kebbi. Karatuna bai wuce firamare ba, a garinmu Argungu. Ni kuma Allah ya yi ni da yawan saƙe-saƙe. Ko ƙofa na kulle, sai na dawo sau biyu na taɓa kwaɗon. Kullum tsorona kada abin wani ya lalace ina tsaye.

Akwai wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, siririya mai yawan dariya, da take kirana Inna. Aikin kammala karatunta shi ne haɗa wasu ruwan sinadarai guda biyu, waɗanda da sun haɗu sai su koma ja kamar zoɓo. Takan zuba a kwalabe shida ta jera a kan tebur, ta tafi sallar azahar da cin abinci, in ta dawo ta auna jan a cikin wata na'ura.

Wata rana ta same ni na jingina da tsintsiya ina kallon kwalaben.

"Inna, kin ga kamar ruwan ya kwanta ko? Bai kwanta ba. Wasu na haɗuwa su zama ja, wasu na rabuwa, duk lokaci guda. Kamar mashigi can garinku. In jirgi goma sunka ƙetara, goma na dawowa, mutanen kowace gaɓa ba su ƙaruwa ba su raguwa."

Ta ce daga jan nan take fitar da wata lamba da suke kira K, mai nuna gaɓar da ta fi jama'a. Sai ta haɗa lambar da zafin ɗakin, wanda take karantawa a ma'aunin da ke rataye a bango, ta buga a kalkuleta. Amsar ce ke faɗa mata ko haɗin yana son tafiya don kansa ko sai an tura shi.

Ban fahimci rabin zancen ba, amma ya shiga raina. Daga ranar, in rana ta faɗo ta taga a kan kwalaben, sai in riƙa ganin ƙananan jirage a ciki, suna kai da komo a kan jan ruwa ba ƙara ba motsin iska. Har nakan ji kamar ƙamshin gaɓar Rima da hantsi. Na ƙaunaci kwalaben nan kamar masu rai, kuma wannan ƙauna ce ta jawo komai.

Zafin makon ya yi tsanani, ga babu wuta, fanka a tsaye. Na taɓa kwalba ɗaya na ji ta da ɗumi. Na ce ruwan yarinyar nan zai lalace kamar kunun da ya kwana. A gidanmu in ana son ruwan tulu ya yi sanyi, tsumma ake jiƙawa a naɗe shi a ajiye inda iska ke bi. Haka na yi wa kwalaben bayan ta fita, na matsar da su bakin taga. Da na hango ta tana dawowa, sai in warware in mayar da su wurinsu in goge teburin, don kada ta ga na ɓata mata wuri. Kwana uku ina haka, ina jin daɗi a raina kamar mai ɓoye sadaka.

Ranar Alhamis ina wanke kwalabe, malamin da ke duba aikinta ya shigo riƙe da takardunta.

"Wannan K ɗin ta ruwa mai sanyi ce," in ji shi. "A zafin da kika rubuta ba za ta fito haka ba. Daga wane littafi kika kwafo?"

"Wallahi Malam, ni na auna da hannuna."

"To ki zo mini da bayani ranar Litinin. In babu, aikin ya soke, sai baɗi."

Ruwa mai sanyi. Nan take na gane tsummana ne. Yarinyar ta zauna ta kifa kai a kan tebur, ni kuwa na ci gaba da wanke kwalbar da ta riga ta fita tas. Yau in na tuna, wannan shirun ne ya fi ba ni kunya. An sha gaya mana kada mai shara ya taɓa kayan ɗalibai, kuma na san abin da zai iya biyo baya.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Argungu. Na sami yayana a bakin ruwa da la'asar yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na zauna ina kallon jirage suna ƙetarawa da buhunan albasa, wasu na dawowa da mata da kwandunan kifi. Ruwan ya yi lumui, hasken rana na rawa a kansa, har na daina sanin ko kogi nake kallo ko kwalba. A kowane jirgi fuskar yarinyar nake gani.

"Ke, mi ka damunki? Tun ɗazu kamar an aiko ki da gawa."

Na ba shi labari. Ya yi dariya har allurar ta faɗi.

"Ke dai! Kwalaben turawa kinka naɗe kamar tulun tsohuwa? To ɗiyar mutane ta san ke ce?"

"Ba ta sani ba, Yaya."

Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki allurarsa ya ce, "To ita aka kira maƙaryaciya ke nan."

Litinin da safe na je da tsumman a hannu. Na durƙusa gaban Malam, yarinyar tana tsaye idonta ya kumbura, na faɗi komai.

"Inna, mi kinka yi?" ta ce, tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Malam ya sa ta haɗa sabon ruwa a kwalba biyu, ya ce in naɗe ɗaya kamar yadda na saba. Muka jira. Can ya tsoma ma'aunin zafi a kowacce, ya ɗaga su wajen haske. Wadda na naɗe ta fi sanyi sosai, janta kuma ya fi duhu. Ya karɓi kalkuletarta ya buga, ya sake bugawa.

"Awonki gaskiya ne," ya ce mata. "Ki yafe mini. Gobe ki sake, amma ki auna zafin ruwan, ba na bango ba."

Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma Inna, tashi. Wannan karon ya wuce. Ki bar su su sha zafinsu."

Yarinyar ta kammala a shekarar. Sai da ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne, tausayin da ba a tambayi mai abu ba yakan cutar da shi fiye da sakaci. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, kowace rana ta shirunka wani ne ke kwana da laifinka a kansa. Ni kwana huɗu na bar ta da nawa.