Rubutun da ya rufe wa Surajo hannun makanike

Duk mai jirgin ruwa a Warra ya san rumfar Surajo a bakin tafki. Gyaran injin jirgi ya gada wurin kawunsa, da kunne yake gane ciwon inji. Boko kam bai yi ba.

Da sababbin injuna suka fara shigowa, sai ya koma koyo a waya. Yakan buɗe burauza ya nemo bidiyon masu gyara. Ba ya jin yarensu, hannuwansu kawai yake kallo.

Wani jajiberen kasuwa Shu'aibu mai jirgin fito ya kawo masa inji yana zafi. Fankar roba mai jawo ruwan sanyaya inji ce ta cinye. Surajo ya kunna bidiyo, sai ga rubutu ya ɓullo da kansa a ƙasan allo, baƙin layi ya zauna daidai kan yatsun mai gyaran. Ya dangwala, ya juya wayar, rubutun na nan. Haka ya sa fankar bisa ƙiyasi, ya ɗaure.

Tun daga nan hankalinsa bai kwanta ba. Gobe jirgin zai ɗebi mata da buhunan shinkafa zuwa tsallake, kuma ya san yadda iska take yi da jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa. Har ya fara zargin ko gargaɗi ne rubutun yake yi masa.

Da sassafe ya nufi shagon Loveth mai cajin waya. Ta ce ba gargaɗi ba ne, maganar mutumin ce na'ura take rubutawa. Ta nuna masa inda ake rage girman haruffan da cire baƙin bayansu.

"Ko in kashe shi gaba ɗai, Baba Surajo? Tunda kai da shi ba ku gaisawa."

"Kashe shi, ɗiyata. Hannu nika son gani."

Ta taɓa wani ɗan akwati a gefen bidiyon, layin ya ɓace. Sai ga yatsun a fili, suna murɗa sandar da fankar ke kai, yayin da fukafukan robar ke kwantawa gefe guda. Surajo ya kasa tuna ta wane gefe ya kwantar da nasa.

Da ya koma bakin tafki, ya iske an gama wa jirgin Shu'aibu lodi. Ya ce wa Shu'aibu sai ya sake kwance injin. Shu'aibu ya yi faɗa, ya ce kasuwa ba ta jiran kowa. Matan suka yi ta mita, wata ta tambaya ko a bakin ruwa za su sayar da shinkafar.

Da Surajo ya buɗe, sai ya tarar fiffike ɗaya ya naɗe, har ya fara tsagewa. Ba shi da wata fankar, sai an aika garin Yelwa an sayo. Aka soma sauke buhuna, Shu'aibu ya juya masa baya yana neman wani jirgin da zai kwashi fasinjojinsa.