Ummussalma, Wadda Ta Gyara Tukwanen Gida Biyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 20 ga Agusta, 2025, ina tsakar gida ina tsinke zogale, Juwairiyya ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, Inna ta cika." Mahaifiyarta ke nan, Hajiya Ummussalma, matar Malam Iliyasu tela, maƙwabciyata ta shekara goma sha tara a nan Birnin Kudu. Kwana huɗu kacal ta yi a kwance da zazzaɓi. Bayan azahar aka kai ta makwancinta.

Yaya Ummussalma, zogalen da ke hannuna a wannan safiya ke kika dasa mini itacensa.

Duk wanda ya san ki ya san bayan madafarki: rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, da tattasai a tsofaffin bokitai. Kina cewa abin da aka tsinka da safe a ci shi da rana, kada ya kwana ya yi fushi. Daddawarki da kanki kike yi, da kalwar da 'yan'uwanki ke aiko miki daga garin Sara. Ranar Juma'a kuwa unguwa ba ta bukatar agogo, ƙamshin gurasar alkama daga tanderunki shi ke gaya mana hantsi ya yi. Har kek kike gasawa a tukunya, ki shimfiɗa yashi a ƙasa, ki sa dabino a madadin sukari.

Amma ba don wannan nake wannan rubutu ba. Shekara shida da suka wuce likita ya gaya wa Malam Iliyasu yana da ciwon suga da hawan jini, ya lissafa masa abin da zai ci da wanda zai bari. A gida ba ki sha wahala ba, dama haka girkinki yake. Matsalar tana zaure. Mazan gida biyar ne suke ciyayya a zaurenku tun kafin a kawo ni unguwar, kowa a fito da kwanon gidansa bayan azahar, a ci na wannan a koma na wancan. Malam ya ci naki mai lafiya, sannan ya sa hannu a namu mai maiƙo. Sau biyu ana kwasar sa zuwa asibiti. Da ɗanku Kamaluddeen ya roƙe shi ya riƙa tsayawa a kwanon gidansa, sai ya ce, "Ni zan dubi Ɗanladi in janye hannu daga abincin gidansa? Gara ciwon."

Ɗanladi mijina ne, kuma a gaskiya kwanon da ya fi illa nawa ne. Dunƙulen magi biyar nake jefawa, man ja yana iyo a kan miya, ina ganin shi ne iya girki.

Ba ki raba Malam da abokansa ba. Gidajenmu kika bi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da kika shigo mini da daddawa a ƙulle cikin ganye, ban ɓoye miki ba, na ji haushi. Na ce a raina, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, yau za a koya mini miya. Kika zauna a kan turmi, kika ce, "Sa'adiyya, ba miyarki na zo kushewa ba. Mijina na zo roƙa. Hannunsa yana shiga kwanonki kullum, ke ma kina da hannu a kwanansa."

Kunya ta rufe ni. Washegari na yi yadda kika nuna, Ɗanladi ya dawo daga zaure yana tambaya ko gishiri ya ƙare a garin. Na kai miki ƙara, kika yi dariya kika ce harshe ɗan koyo ne, a ba shi wata guda. Haka kuwa aka yi. Maƙwabciyarmu Mero da ta fi mu taurin kai sai da kika yi mako biyu kina zuwa kina taya ta tsince wake kafin ta sauko. Tun daga nan Malam bai sake kwanciya asibiti ba. Mu duka shi muke wa fargaba, ashe ke ce a gaba. Allah Shi ya san gawar fari.

Bayan an dawo daga maƙabarta Malam ya ƙi cin abinci. Kwana biyu ruwa kawai yake kurɓa, ga shi mai suga. Kamaluddeen ya yi lallashi ya gaji. Ran sadakar uku muka fito da kwanukanmu mu matan sauran gidaje huɗun, ba mu yi shawara ba, amma da aka buɗe, dambun zogale, faten wake, miyar kuɓewa ɗanya, kwaɗon rama, duk irin naki. Ni kuma na yi ƙarfin hali na hura tanderunki na gasa gurasa. Ta ƙone ta gefe.

Malam ya daɗe yana kallon kwanukan. Sannan ya gutsuri gurasar, ya ce, "Ita ma haka ta fara." Ya ci, hawaye yana zuba, abokansa suka sa hannu tare da shi. Ni na koma bayan madafarki na yi kukan da na kasa yi ranar Laraba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Iliyasu, da Kamaluddeen da Juwairiyya, da dangi na Sara. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga 'ya'yan itatuwan Aljanna. Roƙon da kika yi a kan turmina kuwa, Yaya, yana nan. Muddin hannun Malam yana shiga kwanonmu, ba zai taɓa abin da kika hana ba, in Allah Ya yarda.