Yatsan da Latin Ya Karya

Duk lokacin da hadari ya haɗo, yatsana na tsakiya yakan fara zogi, sai in ji bakina yana motsi da kansa: amo, amas, amat. Kar ka ɗauka addu'a ce.

Muna lakwal, makarantar boko, a Magariya aka kawo mana wani malami, mushe muke ce masa, wanda ya yi karatu wajen fada-fada na coci. Shi a wurinsa kowace kalmar Faransanci tana da kaka a wani harshe, Latin, wanda masu shi suka daɗe da mutuwa. Ya rubuta amare a allo, ya ce ita ta haifi aimer, wato so. Gida shida gare ta: ni, kai, shi, mu, ku, su, kowane da wutsiyarsa. Abin ba ya ma cikin jarrabawa, neman suna ne kawai. Wanda ya kuskure zai haɗe yatsunsa kamar mai ɗibar gishiri, mushe ya sare su da gefen katako.

Lokacin cirar gyaɗa ne, na yi kwana uku a gona ban duba takarda ba. Da mushe ya tashe ni, na kawo uku, amo, amas, amat, ta huɗu ta ƙi zuwa. A sara na bakwai na ji ƙas, farce ya fita, jini ya ɓata mini riga.

Kakata mai ƙuli-ƙuli ce, ita ta ja da babana har aka sa ni lakwal. Ta juya hannun ta duba. Da safe ta saɓa taɓarya, ta sa ni gaba har cikin aji.

"Mushe, kalmar da ta ci hannun jikana, me take nufi?"

"So, Iya."

"To, ga nawa."

Ta sauke masa a kafaɗa, ya zube tsakanin bencuna yana ihu. Duka na biyu ya tsage teburinsa. Jandarmomi suka tafi da ita, ni aka kore ni. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye maka ba, amma na yi shekaru ina jin haushinta, don ina son karatun.

Yanzu kabu-kabu nake yi tsakanin Dungas da Magariya, yatsan ba ya kama birki. 'Yata tana kwaleji, babu mai taɓa ta, ba ta taɓa jin Latin ba. Rannan ta nemo mini sauran ukun a waya, ta karanta mini, na maimaita. Da ta rufe wayar ta ce in kawo, a ta huɗu na tsaya, na ga yatsuna sun haɗe.