Karen da Seutatia Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Shingen katako ne ya raba gidana da na Seutatia a unguwar Mangere, kuma duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin ganye ya kwana a tsakar gidanta ba. Tana budurwa ta zo Auckland daga tsibirin Savai'i, da akwati guda da tabarmar da uwarta ta saƙa. Ƙuruciyarta ta ƙare a ɗakin wankin asibiti, cikin tururi da zafin dutsen guga, har hannayenta suka yi kaushi kamar ɓawon rogo. Da mijinta ya rasu sai ta rungumi coci. Ita ce shugabar mata, ita ke cewa wance ta iya gwaza da madarar kwakwa, wance kuwa a ba ta wanke-wanke. Ana shakkar bakinta, ana kwatance da gidanta.

Jikarta Lanuola ciwon maƙogwaro ta yi, aka raina shi, ya gangara ya taɓa zuciya. Likita ya ce allura ce duk wata, shekara da shekaru, kuma fashi ɗaya na iya buɗe wa ciwon ƙofa ya dawo ya ƙara ɓarna. Allurar mai kauri ce, a hankali take shiga, zafinta ya kwana ya wuni. Yarinyar ta koyi ɓuya. Da ta ji motar nas sai ta shige ƙarƙashin gado.

Uwarta Malaea ce ta je gidan da ake tara dabbobin da aka yasar, ta dawo da tsohon karen tsere wanda aka gama cin moriyarsa, dogo, siriri, kamar an zana shi da tsinke. Lanuola ta sa masa Pisupo, sunan naman gwangwani, wai ko Allah zai sa ya yi ƙiba. Ba ya haushi, ba ya gadi. Abu ɗaya ya iya: ya zo ya jingina da mutum da dukkan nauyinsa, ya yi shiru. Ranar allura Lanuola takan kwanta rubda ciki, ta rungume wuyansa, ta tusa fuska a jikinsa, sai dai ta ji nas ta ce an gama.

A ƙauyukanmu na gida kare abin jifa ne. Ko sunkuyawa ka yi kamar za ka ɗauki dutse, ya san sauran. Kare a cikin ɗaki, inda ake shimfiɗa tabarma a ci abinci a yi addu'a, wannan sai Turawa. Seutatia ta haƙura saboda jikarta, amma ba ta yarda duniya ta sani ba. Duk ranar da za ta yi baƙi, sai in ji ta a bakin shinge.

"Faleafa! Zo ka karɓi ɗan'uwanka."

"Tatia, yaushe muka haɗa dangi?"

"Ku biyun ba ku da tsoka, ba ku da aikin yi. Riƙe min shi, kuma duk wanda ya tambaya, naka ne."

Haka matan coci suka san ni da kare, suna tausaya min wai kaɗaici ya taɓa min kai.

Ranar da Fasto da matarsa da manyan mata suka zo yi wa Lanuola addu'a, tun safe Pisupo yana wurina. Malaea tana wurin aiki. An shimfiɗa sababbin tabarmi, kowa ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ni ma an gayyace ni, na ɗaure shi na shiga. Matar Fasto ta ce ta ga gashi a kan labule.

"Iska ce ke kwaso na karen wannan tsoho," in ji Seutatia. "Ni da kare? Allah ya sawwaƙe."

Lanuola tana gefenta, ta ɗago ta dube ta.

Ana cikin waƙa nas Hinewai ta ƙwanƙwasa. An sauya mata rana, kuma washegari za ta yi tafiya, ga lokacin allurar ya riga ya cika. Kafin a juya, yarinyar ta kulle kanta a banɗaki. Hinewai ta lallasa, Fasto ya yi nasiha ta bayan ƙofa, shiru. Seutatia ta durƙusa ta kai bakinta ramin makulli.

"Fito, 'yar lele, kar ki ba ni kunya gaban mutane."

Muryar ta fito ƙarama, amma babu wanda bai ji ba. "Sai da Pisupo. Kaka, kin ce musu ba namu ba ne. Ya ji ki. Ni ma na ji ki."

Na yunƙura zan ɗauko shi, Seutatia ta ɗaga min hannu. Ta miƙe, ta fita da kanta.

A wurinmu ba a wucewa a tsaye gaban manya suna zaune; sai ka ranƙwafa, kanka ya yi ƙasa, kana neman gafara. Haka ta shigo, a duƙe, tana "tulou, tulou", hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan yana danna kan karen ƙasa. Shi kuwa bai san wannan ladabin ba. Ya ratsa tsakiyar tabarmi kansa sama da na Fasto, faratansa suna kartar saƙar. Mata suka tattare zannuwansu. Wata ta toshe baki, dariyar ta fito ta hanci.

Ƙofar banɗaki ta buɗe. Daga ɗakin ciki ba mu ji kuka ba, sai muryar Hinewai tana cewa, "Saura kaɗan, jaruma."

Seutatia ta dawo ta raba abinci idonta a ƙasa. An ci sama-sama. Matar Fasto ta ce ta ƙoshi tun daga gida. Kafin Lahadi labari ya zaga, kuma taron mata ya koma wani gida ba tare da an faɗi dalili ba. Ita da ba a iya tanka mata, sai ga ta tana shiga coci ta ƙofar gefe.

Bayan kwanaki na same ta tana shanya.

"Tatia, ya jiki?"

"Wane jiki? In na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige." Ta girgiza zanin gado da ƙarfi. "Matan ba su dame ni ba kamar idon yarinyar nan. Har yau in na kira ta, sai ta dubi karen tukuna."

"To in Fasto ya sake zuwa, in shirya igiya?"

Ta maƙala zanin a igiyar shanya.

"Bar shi a gidansa, Faleafa. Wata mai zuwa ma akwai allura."