Sati Ukun da Mai Fitila Ta Yi Tana Gani

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne, kuma in akwai abin da ya tsana a duniya, to aikin ha'inci ne. Shagonsa ɗan tsugul ne, a matse tsakanin mai wanki da guga da mai yankan gilashi, kawunan kekuna jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, ko'ina warin mai. Teloli suna ce masa Injiniya, har mahaifiyarmu, Inna, ta ɗauki sunan. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Idan ya gama gyara, ba ka isa ka ɗauki kekenka ba sai ka buɗe tafin hannu ya sa maka ƙarfen da ya lalace a ciki, ka taɓa, ka ji inda ya cinye. Wai kada ka tafi kana wasiwasin ko ya canja ko bai canja ba. Akwai telan da ya ce sauri yake yi, ya yarda da shi, a bar zancen. Yaya ya bi shi har bakin titi da ɗan noti a hannu.

To wannan mutumin, mai shekara arba'in da shida da furfura a gemu, shi ne ya kamu da gem, wato wasan waya. Ni ce auta a gidanmu, kuma ba wanda ya kai ni yi masa tsiya. Wasan na wani gari ne a kan tsibirai, kana gyara jiragen ruwa, kana kai saƙo, labari yana tafiya kaɗan-kaɗan. Kowa danna-danna yake ya tsallake surutun mutanen ciki. Yaya kuwa sai ya sa tabarau ya bi kowane layi, ya san wane ne ɗan wane, wa ya ɓata da wa, kuma a kan me.

Dalilin ba wasa ba ne. Shekara huɗu da suka wuce idon Inna ya fara dushewa har ya rufe. A asibiti likita ya ja mu gefe, ni da Yaya, ya ce jijiyar ta mutu, babu aikin da zai dawo da ita. Ni na ce kada a gaya mata. Yaya ya ce a gaya mata. Kwana uku muna sa-in-sa, na kawo hawan jininta, na kawo kuka, na ci nasara. Muka ce mata likita ya ce a riƙa ɗiga magani a yi haƙuri, a hankali zai buɗe. Takardar likitan Yaya ya ninke ta ya tura ƙarƙashin gwangwanin kusoshi a shago. Tun daga ranar, duk sanda Inna ta tambayi zancen idonta sai ya miƙe ya fita, ni nake amsawa.

Abin da ya iya yi mata shi ne labari. Ƙarfe biyar na yamma yake rufe shago, ya zo ya zauna a bakin gadonta, ya buɗe wayar ya riƙa karanta mata abin da ke faruwa a tsibiran. Ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa. Ita kuma kwanyarta tas, in ya yi tuntuɓen suna ita ke gyara masa.

Cikin mutanen wasan akwai wata mata, Mai Fitila, wadda take tsaron fitilar da ke kan hasumiya don jirage su gane hanya. Tun a shekarar farko ta labarin gobara ta kama hasumiyar ta cinye mata ido. A shekara ta biyu aka yi wata guda ana neman mata magani daga tsibiri zuwa tsibiri, ƙarshe mai maganin ya ce babu. Ba ta bar aikinta ba. Kowane jirgi da ƙarar ƙararrawarsa take gane shi, kuma duk wanda ya hau wurinta sai ta tambaye shi wane ne. Akwai ranar da ta ce fitila ba don mai kunna ta ake kunna ta ba. Inna ta sa Yaya ya maimaita mata sau uku. Bayan nan ne ta fara koyon takunmu, har ta kai tana gaya mini wane takalmi na sa.

Kamfanin wasan yana da wata al'ada. Duk bayan wata uku sai su kawo abin da suke kira biki na musamman, na sati uku, da ɗan labarinsa da kayan kwalliyar da ake saya. Na wannan karon bikin huluna ne: kana raba wasiƙu, ana ba ka hula. Ranar farko ina ɗakin ina ninke wanki, Yaya yana karantawa kai tsaye, bai riga ya duba ba. A cikin wasan aka aike shi da wasiƙa wurin Mai Fitila. Ta karɓa, ta buɗe, ta karanta da kanta, ta yaba kyan rubutun, sannan ta ce koriyar hular da ke kansa ta yi masa kyau. Sai da ya kai ƙarshen layin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Inna ta tashi zaune. "Ta karanta? Da idonta?"

Ya ce haka aka rubuta.

"Wane magani aka sa mata, Injiniya?"

Ya ce bai sani ba tukuna, amma zai bincika.

Kada wani ya ɗauka Inna ba ta san cewa tatsuniya ce ba. Ta sani sarai. Amma cewa ta yi masu rubuta irin wannan labari 'yan boko ne, ba za su buɗe wa makauniya ido haka kawai ba, lalle sun ji labarin wani sabon magani. Kashegari ta sa na zaro mata tsohon tabaraunta daga akwati, ta goge shi ta ajiye ƙarƙashin matashi. Maganin da ake ɗiga mata sau biyu, ta ce a mai da shi sau huɗu. Kullum Yaya ya shigo, kafin ya zauna ta tambaye shi ko an faɗi maganin.

Yaya ya bi bikin nan lungu-lungu yana neman dalili. Kekunan mutane suka taru, har wani tela ya zo ya yi masa tijara a ƙofar shago. Ya raba wasiƙu ɗari da wani abu, ya yi magana da kowa a kowane tsibiri. Babu magani, babu mai magani, babu ko mutum ɗaya da ya yi mamakin ganin Mai Fitila tana karatu. Abin da ya samo ma ya fi haka ban haushi. Tsohon mai kwalekwalen da aka binne bara, wanda Inna ta yi wa hawaye, ga shi nan a kasuwa yana tallan huluna yana rawa. Gadar da aka ƙone a yaƙi tana tsaye, an rataya mata tutoci.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Na same shi a shago yana kwance wani keke yana faɗa shi kaɗai. Ya ce shi bai hana a warkar da ita ba, labarinsu ne, in sun ga dama su ta da matacce ma, amma su faɗi yadda aka yi. Ya ce labari ɗinki ne mai zare biyu, na sama da na ƙasa, in na ƙasa bai kama ba, ido zai ga ya yi kyau, amma ja ɗaya ya warware. Waɗannan mutanen, in ji shi, wani sabon ma'aikaci suka ba aikin, wanda bai taɓa karanta abin da na gabansa suka rubuta ba, kuma babu babba ko ɗaya da ya duba. Shekara huɗu suna roƙon mutane su damu da matar nan, da mutane suka damu, sai su suka manta da ita.

Ya rubuta haka a zauren 'yan wasan na intanet. Suka yi masa dariya, wani ya ce, Baba, wasa ne fa, ka karɓi hularka ka huta. Sai ya rubuta wa kamfanin da kansa, ni na buga masa saboda yatsunsa duk baƙin mai ne. Ya jera musu shekara da babi da abin da aka faɗa, bai zagi kowa ba, ni ce ma na so in ƙara barkono ya hana. Bayan kwana shida amsa ta zo. Sun gode da ƙaunarsa, bikin na nishaɗi ne, ba ya cikin asalin labari, kuma ga kyautar hula.

Ni kam na zazzage musu ta cikina, ko da yake ba sa ji. Wato akwai labarin gaske, akwai kuma na sayar da kaya, kuma mai sauraro shi zai yi duba ya gane wanne ne wanne. Na ce marasa kunya ne, masu wasa da zuciyar mutane, masu ba da fatan da suka san babu shi. Ina cikin faɗa na ga Yaya ya ajiye abin hannunsa yana kallona. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma a lokacin ban yarda na gane kallon ba.

Ranar da sati ukun ya cika, aka kwashe tutoci, mai kwalekwale ya koma kabarinsa. Yaya ya zauna a bakin gadon Inna, ya hau hasumiya, Mai Fitila ta juyo ta tambaya wane ne, kamar yadda ta saba. Ya karanta mata haka, sannan ya kife wayar a cinyarsa.

"Inna, ba ta warke ba. Mantawa suka yi makauniya ce."

Inna cewa ta yi ashe aron ido suka ba baiwar Allah don a sayar da hula, da aka gama ciniki suka karɓe abinsu. Ta ce Allah ya shirye su, amma su ba ita ta haife su ba. Sai ta miƙo hannu wajen da take jin numfashinsa, ta buɗe tafin.

"Injiniya, shekara huɗu ke nan duk sanda na tambayi idona kake tashi ka fita. Na san takunka in kana gudu. Ko telan da ba ka sani ba kana sa masa ƙarfensa a hannu. Ni ina nawa?"

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, ta ce, "Auta, ba da ke nake ba."

Yaya ya tashi ya fita, amma wannan karon ya dawo. Ya je shago ya ɗauko takardar, ta yi baƙi a gefe, tana warin mai. Ya durƙusa ya sa mata a tafin hannu, ya gaya mata abin da likita ya faɗa, kalma da kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Ta shafa takardar, ta bi ninkin da yatsa, ta rufe hannunta a kai. Ba ta yi kuka ba, shi ne ya yi.

Can ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro tabaraun, ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba, ta ce in mayar da shi akwati. Sannan ta ce wa Yaya ya ɗauki wayar ya duba mata wane jirgi ne ya shigo. Na fita da tabaraun a hannu, ni da na yi sati uku ina tsine wa masu ba makauniya fatan banza, na rasa wanda zan zaga.