Tokar da Na Wanke

Kakata Hajo ba ta fara tatsuniya sai ta tura rogo cikin garwashi. Ta ce ita ba ta yi wa mai jin yunwa labari, don kunnensa na cikin tukunya. Gidanmu yana gefen Gaya ne, inda in iska ta juyo ake jin ƙugin manyan motocin da ke jiran haye gada zuwa Benin. Lokacin ɗari, da an gama tuwon magariba, sai mu jikokinta mu matsa madafa mu zagaye murhu, kowa ya ja zane ya rufe gwiwa. Ita tana bisa kujerarta ƴar tsugunne, da guntun kara a hannu tana tona wuta. Bisa kanta, a rataye jikin azara, akwai wata ƴar tukunya da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, an liƙe bakinta da laka.

Kowa a gidan ya san abin da ke cikin tukunyar nan. Irin shinkafa ne, wata ja mai dogon gashi a kai, da ake kira mai-gemu. Daga Tanda Kaka ta zo da ita ranar da aka kawo ta, uwarta ce ta ɗaure mata a gefen zane. Maƙwabta duk sun koma sabon iri mai saurin nuna, ita kaɗai ta rage da tata, tana shuka ta a wani ɗan yanki na fadamar Baba. Kuma ba ta taɓa shuka irin duka. Rabi ya je gona, rabi ta cuɗe shi da toka da busasshen ganyen dogon yaro, ta zuba a tukunyar ta liƙe. Wannan rabin shi take kira irin baya. Ba a buɗe shi sai in gona ta ci amana.

Ita ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo, akwai wuri."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tukunyar ruwan sama. Wai a wani gari, ruwan sama yana da masauki: wata tsohuwar tukunya baƙa a ɗakin wata tsohuwa. Duk shekara in ya gama yawonsa na rani sai ya taho ya sauka cikinta, daga nan yake fita ya shayar da gonaki. Tsohuwar tana da jika, yarinya mai ƙwazo mai tsabta, irin wadda ba ta ganin datti ta wuce. Wata rana tsohuwa ta tafi ganin gida, yarinya ta dubi tukunyar ta ce kai, babban baƙo kamar ruwa a ce nan yake kwana? Ta ɗauke ta zuwa bakin kogi, ta sa yashi da soso ta dirje ta har ta koma ja fes kamar ranar da aka gina ta. Damina ta yi, hadari ya taso, ruwa ya zo ya zagaya gari sau uku yana leƙa ɗaki ɗaki. Bai gane gidansa ba. Sai ya wuce.

A nan Kaka takan yi ƙasa da murya. Ta ce yarinyar na ganin hadari ya wuce, ba ta ko sa takalmi ba, ta ruga ta tarbi kakarta a hanya ta ce, "Kaka, ni ce na wanke." Tsohuwa ta ce to, ɗauki tukunyar, ki bi gida gida, ki roƙi kowane murhu ya ba ki hayaƙi kaɗan har ta koma yadda ruwa ya san ta. Yarinya ta aza tukunya a ka ta kama hanya.

"Sai me ya faru?" in ji mu.

"Tana tafe har yanzu."

"Ruwan ya dawo?"

"Rogo ya nuna," Kaka za ta ce, ta fara tono shi da kara.

Ni wannan ƙarshe haushi yake ba ni. Ni ce mai tsayar da labari tun daga farko: dommi ruwa zai yi ido? Dommi bai sauka a wata tukunyar ba? Dommi toka, dommi laka? Sunana Rabi, amma tun ina shekara shida Kaka ta laƙa mini Dommi, har ya bi ni lakwal, wato makaranta. In na matsa mata sai ta ɗaga karan ta ce, "Ke Dommi, Allah ya haɗa ki da masu amsa, ni kin tsotse ni."

Allah kuwa ya amsa mata. A lise, babbar sakandare ke nan, na haɗu da malaminmu na kimiyyar halittu, Mushe Isufu kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, mutum siriri mai tari, wanda yake riƙe da mikiroskof ɗaya tal na makarantar, madubin ganin ƙananan halittu, kamar jariri. Ranar da ya ɗiga ruwan kududdufi a gilashi ya ce in leƙa, na ga halittu suna iyo cikin ɗigon da ban ɗauke shi komai ba, wallahi ban iya cin abinci ba ranar. Daga nan na zama fitina a gida. Na hana shan ruwa da moɗa ɗaya, na sa ƙannena wanke hannu har suka riƙa gudu in sun hango ni. Ina ganin kowa cikin duhu yake sai ni.

Ina shekara goma sha bakwai Mushe ya sa sunana a wani shiri na babban hutu. Ana ɗaukar ƴan lise daga jihohi a kai su Yamai sati shida, kowane rukuni a hannun wani mai bincike. Sai dai hutun da masu takarda suka tsara, mu a nan damina ce tsundum. Baba ya ce ba inda zan je, noma na jiran hannu, kuma bai ga abin da boko zai ƙara wa gona ba. Kwana uku ina kuka. Kaka ce ta kira shi madafa, na ji ta daga bayan zana tana cewa, "Kai Amadu, bar ta ta tafi. Layinta na noma ni zan ɗauka. In ta jawo asara, a kaina."

Ina son in saka mata. Wannan ne gaskiyar abin, kuma shi ya fi ci mini rai. Ana gobe tafiya, Kaka ta fita fadama, ni kuma na tsaya ƙarƙashin tukunyar ina tunanin irin da ta fi so a duniya yana kwance cikin toka da ruɓaɓɓen ganye. Na sauke ta, na ɓamɓare lakar. Na tankaɗe tokar da rariya, na ɗauraye irin sau biyu da ruwan famfo, na baza shi a tabarma cikin ɗaki don kar a gani. Garin a lumshe yake ranar, ba rana. Da na taɓa na ji kamar ya sha iska, sai na ɗura shi a kwalbar roba mai murfin murɗawa, na ɗaure tam, na sa kwalbar cikin tukunyar, na kwaɓa laka na liƙe, na shafa baƙin murhu a kai. Na ce in ta buɗe wata rana za ta ga aikin jikarta. Tatsuniyar nan kuwa na iya ta kamar Fatiha. Ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

A Yamai aka ba mu ga Madam Zalika, mai bincike kan adana iri. Mace ce gajera mai saurin magana, ba ta dariya sai abin ya kai. Kwana na uku ta tambaye mu yadda ake ajiye iri a gidajenmu. Wata yarinya daga Dioundiou ta ce su da toka suke cuɗawa, sai ƴan birni suka tuntsire da dariya. Ni ma na yi. Madam ta bari muka gama, sannan ta ce, "Kun gama yi wa malamanku dariya? Toka tana shanye laima, tana hana ƙwari shiga. Tukunyar ƙasa tana numfashi. Abin da ke kashe iri shi ne a rufe shi da ɗanshi a inda iska ba ta shiga." Ta sa aka kawo kwalba biyu. Ɗaya busasshiyar shinkafa cikin toka, ɗaya wadda aka jiƙa aka tsane aka murɗe murfi. Ta ce kullum da safe mu duba, mu zana abin da muka gani a kaye, littafinmu na rubutu.

Na san a take abin da na yi, kuma na san in aka buɗe tukunyar cikin kwanakin nan aka shanya, da yawa zai tsira.

Wayar salula ɗaya ce a gidanmu, ta Baba. Duk abin da zan faɗa wa Kaka, ta hannunsa zai bi, kuma yana tsaye a kanta zai ji. Na san zai ce ga abin da ya faɗa, ya sa a sako ni mota washegari. Na ce bari sai Juma'a. Juma'a ta zo, na kira, Baba ya miƙa mata, ta ɗaga murya kamar yadda take yi in ta riƙe salula: "Dommi, sun ba ki amsa?" Na ce suna bayarwa, Kaka. Na tambayi gona, na tambayi ƙafarta, na kashe. Na ce ai ba lallai a buɗe irin baya bana ba, in na koma zan san dabara.

Kullum da safe kuwa ina gaban kwalba ta biyu. Na ga zufa ta taru a jikin roba. Na ga farar fumfuna ta fito kamar gashin jariri, ta yi kore, ta yi baƙi. Na sa ta a mikiroskof mai kyau irin wanda Mushe Isufu bai taɓa riƙewa ba, na zana kowane zare. Madam ta ɗaga kayena gaban kowa ta ce a cikinmu ba wanda ya iya kallo kamar Rabi. Aka tafa mini. Juma'a biyar na kira gida, Juma'a biyar na ce lafiya lau.

Ana saura kwana huɗu mu gama, ruwa ya sauka a Gaya dare da yini, korama ta ɓalle ta bi ta fadamar Baba, ta binne yankin Kaka da yashi. Ba ta damu sosai ba, in ji ƙanwata. Ta ce a sauko mata da irin baya.

Da na dawo da takardar yabo a jaka, na tarar da ita a madafa ita kaɗai, kwalbar robar na gefen kujerarta. Abin da ke ciki ya dunƙule baƙi, yana wari ko da murfi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya. Sai ta tona wuta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A can sun gaya miki amfanin toka?"

"Sun gaya mini, Kaka."

"Yaushe?"

Da na ce jiya, da ta yarda. Na ce, "Satin farko."

Ta ajiye karan. Sannan ta ce, "Ashe." Ta ɗauki kwalbar ta fita da ita bayan gida. Ga Baba kuwa cewa ta yi laima ta shiga tukunya, tsufa ya sa ba ta liƙe da kyau ba. Har ya rasu haka ya sani. Ta ci gaba da yi wa ƙannena tatsuniya shekara huɗu kafin ta bar duniya, amma ban ƙara jin ta yi ta tukunyar ruwa ba, kuma ba ta ƙara kirana Dommi ba. Rabi take ce mini, cikin ladabi, kamar baƙuwa.

Shekaru da yawa na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kar a wanke tukunya, kar ƙaramin sani ya raina na tsofaffi. Sai da na fara koyarwa da kaina, ina karɓar ƴan lise a babban hutu kamar yadda aka karɓe ni, na gane ba can ciwon yake ba. Kaka ba ta taɓa zagin yarinyar nan don ta wanke ba, har yabon tsabtarta take. Inda take yin ƙasa da murya shi ne wurin gudun nan ba takalmi. Wanke irin kuskure ne na rana ɗaya, kowace yarinya mai zumuɗi za ta iya yin sa. Juma'o'in nan biyar kuwa da sanina na yi su.

Duk kaka in an yi girbi ina bin kasuwanni da ƴar jaka. Na je Zabori, na je Dioundiou, na haye gada, ina tambayar masu awo ko sun san wata jar shinkafa mai gashi a kai. Bara a kasuwar Tanda na samu wata tsohuwa da ta gane sunan tun kafin in rufe baki.

"Mai-gemu? Wayyo, an daɗe. Hajo ta Gaya ce ta ƙarshe da ke da ita, Allah ya jiƙanta. Ki nemi jikarta, an ce karatun iri ta yi. Ba ta rasa ajiyewa."

Na ce, "Ni ce jikar, Inna. Ni ce na wanke."

Ta dube ni, ba ta gane abin da nake faɗi ba. Ta juya ta ci gaba da auna wa wata mata gero.