Kawu Ilu da Kekensa

Duk wanda ya san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, ya san shi tsugune a ƙofar gidansa a Gumel yana zane a ƙasa da tsinke. Wai tsara tafiya yake yi. Kowace shekara, da an kai amfanin gona gida, sai ya hau kekensa ya zaga dangi: Maigatari, Sule Tankarkar, Gagarawa, ya dawo. Tafiyar kwana huɗu ce, amma shirinta wata guda cur! Inda zai yi azahar, bishiyar da zai sha fura a gindinta, duk sai ya zana. Akuya ta taka zanen, sai ka ji, "Shi ke nan, ta rushe mini Maigatari!"

Shekarar da na sayi sabon keke mai giya na ce zan raka shi. Ya dubi keken, ya dube ni.

"Ka iya tafiya a hankali kuwa?"

Na yi dariya. Muna fita bayan asuba na bar shi a baya. Kafin hantsi ina kwance a gindin wata kuka, harshe a waje, cinyoyi kamar an daka. Sai ga Kawu, ƙiiƙ, ƙiiƙ, ya kaɗa ƙararrawa.

"Sannu da hutawa, direba!"

Wallahi ko tsayawa bai yi ba.

Washegari iska ta yi ta turo mu ta baya, muka hango Sule Tankarkar tun kafin azahar. Ashe Kawu ya gaya wa ƙanwarsa, Inna Hajara, cewa da la'asar zai iso. Kawai sai ya sauka a gindin wata tsamiya ya shimfiɗa buzu. Wani mai babur ya kai mata labari, sai ga ta da mayafi a kafaɗa.

"Haba Yaya! Mene ne haka? Ga gida can!"

"Koma, Hajara. Ni ban iso ba tukuna."

"To wa nake gani?"

"Wannan aikin iska ne, ba nawa ba."

Dole ta kawo mana dambu nan. Ya cinye tas. Ana idar da la'asar ya shiga gidan da sallama, ya ce mata, "Mun same ku lafiya? Kwana da yawa!"

A hanyar Gagarawa kuwa rairayi ya sa yana tura keken, wani direba ya tsaya zai rage masa hanya. Kawu ya ce, "A'a, na gode. Keken nan shi ya ɗauke ni tun safe, yanzu layina ne."

Bara ƙafafunsa suka kumbura, 'ya'yansa suka ɓoye keken. Kwana uku bai ce wa kowa uffan ba, har suka gaji suka fito da shi. Zagayen nan ya ɗauke shi kwana tara. Da ya dawo na taya shi sauka, ya riƙe hannuna ya ce, "Alhamdu lillahi, na ga kowa." Ba a yi wata biyu ba ya rasu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Mu kuma Ya ba mu ko da rabin zumuncinsa.